Ungozomar da Ta Zauna: Nazarin Lamarin Wani Asibitin Karkara Daga 2009 Zuwa Yau

## Wurin, da yadda yake kafin 2009

Asibitin da ake magana a kai ƙaramar cibiyar lafiya ce ta matakin farko a wata mazaɓar karkara a Arewa maso Yammacin Najeriya. An ɓoye sunan garin da na ƙaramar hukumar da na mutanen da abin ya shafa. Gari ne na manoman gero da dawa da gyaɗa, ga rugagen Fulani a kewaye. Tsakaninsa da babban asibitin da ake iya yi wa mace tiyata ko ƙarin jini hanyar burji ce. Da rani mota kan yi ta cikin awa guda. Da damina kuwa sai yadda hali ya yi, domin akwai wani kwari da ruwa ke yankewa.

Ma'aikatan wurin a lokacin duka maza ne: jami'in lafiyar al'umma guda ɗaya wanda kowa ke kira malamin asibiti, da mai taimaka masa a aikin rigakafi, da maigadi. A buɗe da hantsi, a rufe bayan azahar. Akwai ɗaki da aka rubuta wa "ɗakin haihuwa" a ƙofa, amma kwalayen magani da tsofaffin kujeru ne a ciki. Mata ba sa zuwa haihuwa, kuma dalilin a fili yake: maigida ba zai bar namiji ya karɓi haihuwar matarsa ba, ita ma ba za ta yarda ba. A ɗaki ake haihuwa, sau da yawa mace ita kaɗai, sai an ji kukan jariri a kira ungozomar gargajiya ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta ɗora ruwan wanka. Idan naƙuda ta yi tsawo, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mace, sai a fara da rubutu da tofi, a aika a nemo maigida a gona ko a kasuwa ya ba da izini, sannan a shiga neman mota da kuɗin mai.

Garin bai fita daban da sauran yankin ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2008 ya nuna cewa mata 545 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma a Arewa maso Yamma kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na haihuwa ke faruwa a hannun ƙwararren ma'aikacin lafiya.

## 2009 zuwa 2010: an turo ungozomomi huɗu

A 2005 ƙasashe masu ba da bashi na Paris Club suka yafe wa Najeriya dala biliyan 18, da sharaɗin kuɗin da aka samu sauƙinsu su tafi ga ayyukan rage talauci. Daga cikin waɗannan kuɗi ne Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, wanda aka fi sani da MSS, a watan Disamba na 2009. A zagayen farko an zaɓi ƙananan asibitoci 652, aka haɗa su huɗu-huɗu, kowane rukuni na jingine da babban asibiti guda, wato rukuni 163. Kowane ƙaramin asibiti zai samu ungozoma huɗu don a yi aiki dare da rana. An ɗebo su daga sababbin da suka gama makaranta, da waɗanda ke zaune ba aiki, da waɗanda suka yi ritaya amma da sauran ƙarfinsu.

An raba nauyin kashi uku a rubuce. Gwamnatin tarayya za ta biya kowace ungozoma naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara 20,000, ƙaramar hukuma ta ba da 10,000 tare da masauki. Jimla naira 60,000 ke nan, a zamanin da mafi ƙarancin albashi bai kai 18,000 ba, domin sai a 2011 aka kai shi nan.

Wannan asibiti na cikin waɗanda aka zaɓa. Biyu daga cikin huɗun 'yan mata ne daga kudancin ƙasar, sababbin gamawa, ba mai jin Hausa a cikinsu. Ta uku matar aure ce, mijinta da 'ya'yanta na babban birnin jihar. Ta huɗu dattijuwa ce da ta yi ritaya daga wani babban asibiti, Bahaushiya, wadda mata suka laƙaba wa "Hajiyar asibiti" tun makon farko.

Aka share ɗakin haihuwa, aka kawo gado da ma'aunin jini da ma'aunin jarirai da ƙunshin kayan haihuwa da ake ba uwa kyauta. Dagaci ya sa aka yi shela. Ranar awo ta fara cika, har mata na zama a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar asibiti suna jiran layi. Haihuwa a asibiti ba ta ƙaru kamar awo ba. Yawancin matan sukan zo a duba kwanciyar ciki, su karɓi maganin ƙarin jini da gidan sauro, su koma su haihu a ɗaki. Waɗanda suka zo da naƙuda kuma Hajiya suke tambaya tun daga ƙofa.

## 2010 zuwa 2012: yadda suka watse

Masauki ne ya fara kawo matsala. Ƙaramar hukuma ta kama musu ɗaki biyu a wani gidan haya mai banɗaki ɗaya na kowa da kowa, ba ruwa, ba wuta, kuma da ɗan nisa daga asibitin. Mace baƙuwa ba ta tafiya ita kaɗai da tsakar dare a garin da ba ta san kowa ba. Sai suka koma kwana a ɗakin marasa lafiya. Da kuɗin hayar ya ƙare ba a sabunta ba.

Sai kuɗi. Alawus ɗin tarayya yana shigowa, ko da yake yakan makara. Na jiha bai taɓa zuwa daidai ba. Na ƙaramar hukuma an biya na wasu watanni aka tsaya, kowa ya je tambaya a ce masa kason wata bai isa ba. Wannan ba laifin wuri ɗaya ba ne; jihohi da ƙananan hukumomi da dama sun sa hannu a yarjejeniyar ba su cika ba. Abin da aka yi wa ma'aikaciya alkawarin 60,000 ya koma 30,000, kuma daga ciki za ta sayi ruwa a wurin 'yan garuwa, ta sayi kananzir, ta biya kuɗin motar zuwa ganin iyalinta.

Daga nan suka tsara wa kansu wata dabara da ba ta cikin takarda: biyu su zauna, biyu su tafi gida, bayan mako biyu a yi musanya. A rajista asibitin na da ungozoma huɗu. A zahiri biyu ne, wani lokaci ɗaya. Aikin dare ya fara tsallake-tsallake. Wannan shi ne ya fi yi wa shirin illa a idon mutanen gari. Magidancin da ya ɗauko matarsa a amalanke cikin dare ya tarar da ƙofa a kulle ba zai sake kawo ta ba, kuma kafin azahar labarin ya zaga majalisa da gidan suna. Amsar da aka fi ji a bakin maigadi ita ce "Malama ba ta nan, ta tafi gida."

Harshe ma ya taka rawa. 'Yan matan biyu sun iya aikinsu, ba wanda ya ce ba su iya ba. Amma mai naƙudar fari, wadda kunya ta hana ta ko yin nishi a gaban surukarta, ba za ta faɗi inda ke mata ciwo ta bakin tafinta ba, balle idan tafintan namiji ne, malamin asibiti. Sun koyi "ina ciwo" da "yi nishi" da "sannu", amma kafin Hausarsu ta nuna, abin da ya kore su ya zo. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilu 2011 rikici ya ɓarke a garuruwan Arewa da dama, aka kashe mutane, har da masu yi wa ƙasa hidima a Jihar Bauchi. Garin nan lafiya lau yake, ko kaza ba a taɓa ba, amma iyayen 'yan matan suka ce su dawo gida. Ɗaya ta tafi ba ta dawo ba. Ɗayar ta dawo ta ƙarasa shekarar kwangilarta, ta karɓi takardarta, ta wuce.

Matar auren ta samu wanda ya tsaya mata aka mayar da ita wani asibiti a cikin birni. Ba a turo madadinta ba. Hajiya ce ta fi daɗewa. Ita kaɗai take karɓar awo da rana, ta tashi haihuwa da dare da tocila a hannun wata 'yar rakiya. Da ciwon ƙafa ya matsa mata, alawus kuma ya fara yin watanni bai zo ba, 'ya'yanta suka zo suka ɗauke ta.

Wani bincike mai zaman kansa da aka yi wa shirin daga baya a faɗin ƙasa ya samu abin da ya yi kama da wannan: zuwa awo ya ƙaru a shekarar farko, haihuwa a hannun ƙwararru ba ta ƙaru yadda aka zata ba, ƙarin da aka samu kuma ya dusashe.

## 2012 zuwa 2015: cike gurbi

An gwada abubuwa uku a wannan tsakani.

Sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya turo wata ma'aikaciya daga hedikwata. Ita ta ɗauki turin a matsayin horo, tana cewa an jefa ta daji ne don ba ta da kowa. Ranar kasuwa kawai take zuwa, don ranar ce mota ke shiga garin, ta yi awo ta koma da motar yamma.

A 2012, bayan rage tallafin man fetur, gwamnatin tarayya ta kawo shirin SURE-P, wanda ɓangarensa na lafiyar uwa da yaro ya bi sawun MSS: a ɗebi ungozomomi a tura, har da ba masu ciki tallafin naira 5,000 a wasu wurare idan sun cika awo da haihuwa a asibiti. Sababbin asibitoci aka zaɓa, don haka wata mazaɓa ta maƙwabta ce ta samu. Matan garin nan masu hali suka riƙa zuwa can a kan babur. A 2015 aka rufe shirin, ma'aikatansa suka watse kamar na farko.

Na uku daga mutanen gari ya fito. Kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda aka farfaɗo da shi tun zamanin MSS, ya tara gudummawa bayan kaka, aka yi aikin gayya aka gina ɗaki biyu da banɗaki da katanga a cikin harabar asibitin. Hujjarsu ita ce rashin masauki ne ya kori baƙin. An gama ginin, aka rubuta wa ƙaramar hukuma cewa ga gida, a turo ungozoma. Gidan ya zauna ba kowa.

Abu ɗaya da ya ɗan taimaka shi ne manufar raba ayyuka da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2014, wadda ta ba jami'an lafiyar al'umma, waɗanda ake kira CHEW, damar karɓar haihuwar da ba ta da tangarɗa da ba da magungunan ceton rai idan an horar da su. A ƙarƙashinta aka horar da wata ƙaramar jami'a mace daga wani gari na kusa. Da rana take aiki, ta koma gidan mijinta kafin magariba.

## Neman 'yar gida

Shirin Women for Health, da tallafin gwamnatin Birtaniya, ya fara a 2012 a jihohi biyar: Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe. Daga baya aka ƙara Borno. Ya fara ne daga wata tambaya da shirye-shiryen baya suka tsallake: me ya sa makarantun jinya da ungozoma na Arewa ba sa yaye 'yan matan karkara? Amsar tana bakin ƙofar shiga. Ana neman kiredit biyar, a Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fiziks. Yarinyar da ta yi sakandare a makarantar da ba malamin kemistiri ba ta da hanyar samun su, komai ƙwaƙwalwarta. Don haka aka kafa shekarar share fage: al'umma ta zaɓi yarinya ko matar aure daga cikinta, a kai ta makarantar kwana a koya mata darussan kimiyya da Turanci, ta sake zana jarrabawar kammala sakandare, sannan ta nemi shiga makarantar ungozoma ko jinya ko fasahar lafiya, da alkawarin za ta dawo ta yi wa garinsu aiki.

Da maganar ta iso ƙofar dagaci, ya ce ai da ɗan gari kan ci gari, a nemo. Nemowar ce ta zama aiki. Makarantar da ke mazaɓar ƙaramar sakandare ce, a aji uku take tsayawa, kuma yawancin 'yan mata daga nan aure ake musu. Aka bi unguwa-unguwa da ƙauyukan kewaye, aka samu mutum biyu da suka gama babbar sakandare.

Ta farko budurwa ce, 'yar wani malamin firamare. Mahaifinta ya amince nan take.

Ta biyu matar aure ce mai goyo. Ta yi makarantar kwana ta 'yan mata a zamanin da wani kawunta ke ɗaukar nauyinta. Ta ci Hausa da addinin Musulunci da bayoloji da lissafi, ta faɗi Turanci da kemistiri da fiziks, ta dawo aka ɗaura mata aure da wani manomi mai ɗan shagon tireda. Ita tana so. Mijin bai ce a'a ba, bai ce e ba. Wadda ta fito fili ta ƙi ita ce mahaifiyarsa: wa zai yi girki, wa zai riƙe yaro, kuma me mutane za su ce, matar aure a makarantar kwana a birni? Abokansa a majalisa suna ce masa idan ta yi ilimi ta fara ɗaukar albashi za ta fi ƙarfinsa.

An yi zama ba ɗaya ba, ba biyu ba. Abin da ya karya gardamar abu uku ne. Limamin gari ya yi magana a kan cewa samar da mace mai duba mata wajibi ne a kan al'umma, idan ba wanda ya yi kowa na da alhaki, kuma ba daidai ba ne mutum ya ƙi namiji ya taɓa matarsa sannan ya hana mace ta koyi aikin. Sai aka kai mijin da mahaifiyarsa suka ga makarantar da idonsu: katanga, mai kula da ɗalibai mace, masallaci, da ɗakin raino inda ake riƙe 'ya'yan ɗalibai lokacin darasi. Na uku, dagaci ya kira mijin ya ce masa a gaban dattawa, "Wannan ba matarka kaɗai za ka ba mu aro ba, 'yarmu ce, mu ne za mu tsaya." Kwamiti ya ɗauki nauyin kuɗin motarta duk hutu, ƙanwar mijin ta koma gidan don girki. Surukar da kanta ta ce a tafi da yaron, tunda bai isa yaye ba.

## Shekarun makaranta

Budurwar ta ci jarrabawa a zama ɗaya, ta shiga makarantar ungozoma ta shekara uku. Matar auren ta sake faɗuwa Turanci, ta sake zama, ta ci. Ta shiga kwas ɗin ungozomar al'umma na shekara biyu, wanda Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta tsara musamman don waɗanda za su yi aiki a karkara. Ta haihu na biyu tana makaranta, ta yi arba'in ta koma aji da jaririya a baya. Ta ci jarrabawar hukumar ta samu lasisi.

Budurwar ma ta gama da sakamako mai kyau. Kafin ta gama wani ma'aikacin gwamnati a babban birnin jihar ya nemi aurenta, aka ba shi. Tana aiki yanzu a wani asibiti a can. Takardar alkawarin da aka sa wa hannu tana nan, amma ba wanda ya ga hanyar da zai raba mace da gidan mijinta da takarda.

## Dawowa: ga lasisi, ba albashi

Matar auren ta dawo a lokacin da jihohi ke cikin matsin kuɗi. Farashin ɗanyen mai ya faɗi tun ƙarshen 2014, tattalin arzikin ƙasa ya shiga koma-baya a 2016, jihohi da dama na bin ma'aikata bashin albashi, ɗaukar sababbi kuma an dakatar. Ta fara aiki a asibitin garinsu a matsayin 'yar sa-kai. Kwamiti na tara mata ɗan abin sabulu a wata. Wani asibitin kuɗi a hedikwatar ƙaramar hukuma ya aiko yana nemanta. Mijinta, wanda a da yake tsoron albashinta, yanzu shi ke tambaya ina albashin.

Zamanta 'yar gari ma bai zo da sauƙi kawai ba. Manyan mata da suka san ta tana tallan gyaɗa sun ƙi kwanta mata a gadon awo. "'Yar wance ce fa, jiya-jiya aka haife ta." Wasu na tsoron sirrinsu zai isa gidan surukarta. Dangi kuma suna ganin magani ya zama nasu, idan ta ce sai an biya a ce ta yi girman kai. Ungozomar gargajiyar garin, wadda ita ta yanke mata cibiya, ta ga an zo raba ta da ɗan abin da take samu na sabulu da hatsi da naman suna.

Ita ce ta fara zuwa gaishe da tsohuwar, tana kiranta Inna kamar yadda ta saba. Suka daidaita: Inna za ta rako mai naƙuda asibiti, ta zauna kusa da ita, bayan haihuwa ta karɓi mabiyiya ta kai gida a binne yadda aka saba, wankan jego da na jariri duk nata ne, kuma abin da ake ba ta ba zai ragu ba. Sauran kuma aiki ne ya yi magana. Wata matar ɗan'uwan dagaci ta zubar da jini bayan haihuwa a gida, aka kira ta, ta ba da maganin da ke tsuke mahaifa, ta murza ciki, ta sa ƙarin ruwa, ta raka ta babban asibiti da kanta. Matar ta rayu. Bayan wannan waɗanda ke cewa "'yar wance" suka koma cewa "Malama". Kuma an lura ba a taɓa jin sirrin kowa a bakinta ba.

## 2019 zuwa yau

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kiwon lafiya na matakin farko, kuma kashi 10 cikin 100 na asusun an tanade shi don ma'aikata. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, aka fara rabawa a 2019. Tsarin shi ne asibiti ɗaya a kowace mazaɓa ya riƙa samun kuɗi kai tsaye a asusunsa, kimanin naira 300,000 duk wata uku a farkon shirin, shugaban asibiti da shugaban kwamitin mazaɓa su sa hannu tare. Wannan asibiti ya shiga, kuma kasancewar yana da ungozoma a zaune ya taimaka masa wajen tantancewa.

Kuɗin ba su da yawa, amma a hannun waɗanda ke wurin suke. Aka gyara rufin ɗakin haihuwa, aka sa sola da ƙwayayen lantarki, aka gyara famfon tuƙa-tuƙa, aka daina yankewar safar hannu da allurar jijjiga. A wannan tsakani kuma hukumar lafiya matakin farko ta jihar, wadda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka koma ƙarƙashinta bisa manufar haɗa su a inuwa ɗaya ta 2011, ta buɗe ɗaukar aiki. Dagaci da shugaban kwamiti suka yi ta sintiri da takardun Malama har sunanta ya fito. Ta samu takardar aiki ta dindindin, da matakin albashi da fansho, kuma aka rubuta asibitin garinsu a matsayin wurin aikinta.

Gidan da aka gina da gayya ya samu mai shiga, amma ba ita ba, domin ita tana gidan mijinta, tafiyar 'yan mintuna. Jami'ar nan da ke komawa gida kafin magariba ce aka ba, ta tare da 'ya'yanta, mijinta na zuwa. Suka raba dare a tsakaninsu: jami'ar ta karɓi mai naƙuda, idan ta ga abin da ya fi ƙarfinta ta aika a taso Malama. Direbobin tashar garin biyu suka shiga tsarin ɗaukar masu naƙuda na gaggawa da ake yi da ƙungiyar direbobi ta NURTW. Wata babbar ungozoma a babban asibiti ta ba Malama lambarta, Malama na kiranta kafin ta tura mara lafiya don a shirya jini.

Shirin Women for Health ya ƙare a 2020. Cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya ninka kuɗin mota zuwa babban asibiti. Manyan asibitocin birni na rasa ma'aikatan jinya zuwa Ingila da Saudiyya, su kuma suna cike gurbinsu da na karkara. An taɓa sa sunan Malama a jerin canjin wurin aiki, kwamiti ya je ya roƙa aka cire. Har yanzu tana nan. Ɗakin haihuwa na buɗe dare da rana. Rajistar haihuwa ba ta da watan da ya wuce fayau kamar da. Mata da yawa har yanzu a gida suke haihuwa, musamman na rugage da ƙauyukan bayan kwari, amma masu matsala suna isowa da wuri fiye da da.

## Abin da lamarin ya nuna

Ungozomomi huɗun farko ba su gaza ba. An ɗora su ne a kan alkawarin gwamnatoci uku, biyu suka zame, kuma ba a tanadi abin da zai faru da wadda ta ƙi biya ba. An kawo su da kwangilar shekara guda, ba matakin albashi, ba ƙarin girma, mazajensu da iyayensu na wani wuri. Duk mai hankali a matsayinsu zai fara neman hanyar fita tun ranar da ya iso. A ganina kuskuren ba na turo baƙi ba ne, domin a 2009 garin ba shi da tasa, kuma Hajiya ta ceci rayuka a zamanta. Kuskuren shi ne shekarun da baƙin suka yi ba a yi amfani da su an fara horar da 'yar gida ba. Da an fara tun ranar da suka sauka, da ba a yi wannan dogon giɓi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2010, ta sake jaddadawa a 2021, cewa ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara na cikin hanyoyin da suka fi tsayar da ma'aikata a karkara. Wannan lamari ya yi daidai da haka, amma da gyara. Mutum biyu garin ya tura, ɗaya ta dawo. Wadda ta dawo ita ce wadda aka fi shakka a kanta, matar aure mai goyo da ta faɗi jarrabawa, domin aurenta da 'ya'yanta da gonar mijinta duk a garin suke. Masu zaɓen ɗalibai sukan fi son budurwa mai sakamako mai kyau don ta fi sauƙin koyarwa. Ya kamata su sake tunani, su kuma yarda cewa ɗakin raino a makarantar ungozoma kayan aiki ne kamar ɗakin gwaji.

Zama 'yar gari kuma bai isa shi kaɗai ba. Ta kusa tafiya a lokacin da take aiki ba albashi, kuma da ta tafi ba wanda zai zarge ta. Takardar aiki ta dindindin, da abokiyar raba dare, da wuta da ruwa, da wanda za ta kira a waya idan abu ya rikice, su ne suka mayar da niyya ta zama zama. Abin takaici ne jiha ta bari a kashe shekaru ana horar da mace don wani gurbi, ta dawo ta tarar ba a sa gurbin a kasafi ba. Ya kamata takardar ɗaukar aiki ta jira ɗaliba tun ranar da aka zaɓe ta.

Akwai iyaka ga abin da za a ɗauka daga nan. Garin bai fuskanci 'yan bindiga ba. A sassan Zamfara da Katsina inda ake sace ma'aikatan lafiya, 'yar gari ma gudu take yi tare da garin. Sannan asibitin da aka tsara wa ungozoma huɗu yana da ɗaya ne. Idan ta yi rashin lafiya, ko ta tafi ƙarin karatu, wanda haƙƙinta ne, aiki ya koma hannun jami'a guda. Makarantar mazaɓar har yanzu a aji uku na ƙaramar sakandare take tsayawa. Share fage shekara ɗaya ne, kwas ɗin ungozoma biyu ko uku, don haka ko a bana aka tura wata, garin ba zai ga ungozoma ta biyu ba sai bayan shekara uku zuwa huɗu, kuma kuɗin share fagen yanzu daga kasafin jiha zai fito.